Tambaya kan zana yankunan tushen girgizar ƙasa a tsaunukan Atlas

Bagobiri_a_Marrakesh:

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina neman wanda ya taɓa zama ya yi lissafin haɗarin girgizar ƙasa da hannunsa, musamman zanen yankunan da girgiza ke tasowa, domin kaina ya ɗaure.

Ni ɗalibin injiniyan gini ne a nan Maroko, ina digiri na biyu. Aikin kammalawa da aka ba ni shi ne in fitar da taswirar haɗari ta yammacin tsaunukan Atlas, daga wajen Amizmiz har gangaren Tarudant, wato daidai inda girgizar daren 8 ga Satumban 2023 ta auku. Ƙarfinta maki 6.8, cibiyarta kusa da Ighil a lardin Al Hawuz, kimanin kilomita 70 kudu maso yamma da Marrakesh, kuma ta ci rayuka kusan 3,000. Allah ya jiƙan musulmi.

Hanyar da nake bi ita ce wadda wani masani mai suna Cornell ya shimfiɗa tun 1968, kowa ita yake bi. A raba ƙasa yanki-yanki, a ɗauka cewa a cikin kowane yanki girgiza na iya tashi a ko'ina ba bambanci. A ɗauko kundin girgizar da aka taɓa rubutawa, a cire 'yan rakiya, wato ƙananan da ke biyo bayan babba, a ƙirga saura. Daga nan a ja layin Gutenberg da Richter, wanda ke nuna cewa duk hawa maki ɗaya, yawan girgizar na raguwa kusan sau goma: in masu maki 4 na zuwa sau ɗaya a shekara, masu maki 5 sai shekara goma, masu maki 6 sai shekara ɗari. Sai a sa lissafin yadda jijjiga ke raguwa da nisa, a tara komai, manhajar OpenQuake ta fitar da lambar ƙarfin jijjigar da ake tsammani a kowane ɗigo na taswira. Wannan duk na iya, kwamfuta ba ta ba ni matsala.

Ga inda gizo ke saƙa. Na ce bari in gwada hanyar, sai na yanke kundin a ƙarshen 2022, na yi kamar ban san abin da ya biyo baya ba. Taswirar ta fito da arewa jawur, wajen Al Husaima, kuma hakan daidai ne tunda an yi girgiza a can a 1994 da 2004. Wajen Agadir ma ya ɗan yi launi saboda ta 1960. Amma tsakiyar tsaunukan, inda ƙauyuka suka rushe, fari fat kamar ba abin da zai taɓa faruwa. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka ma ta faɗa a lokacin cewa tun 1900 ba a taɓa auna mai maki 6 ba a faɗin kilomita 500 daga wurin, masu maki 5 kuwa tara ne kacal. To da me zan ja layin? Da na zo kan girgiza mafi girma da yankin zai iya yi, na bi al'adar da na gani a takardu da yawa, wato a ɗauki mafi girman da aka taɓa gani a ƙara rabin maki. Ta Agadir 5.8 ce, ƙari da rabi ya ba ni 6.3. Ka ga ke nan lissafina ya haramta wa girgizar 2023 aukuwa tun kafin ta zo.

Da na mayar da ita cikin kundi, sai lambobin suka yi tsalle. Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne iyaka. In na zana yankin siriri, ya bi doron tsaunin kawai, haɗarin ya taru ya yi yawa a Talat N'Yakub da Ijukak. In na buɗe shi ya haɗa da filin Hawuz da kwarin Sus, haɗarin ya baje ya yi laushi a ko'ina, Marrakesh ta ɗan hau, ƙauyukan dutse su sauka. Kundi ɗaya, kwamfuta ɗaya, amma amsa na bin bakin fensirina. Malamin da ke duba aikina ya ce kowanne na zaɓa in dai zan iya kare shi a gaban kwamiti ya wadatar. Ni kuma ba kwamitin ne ya dame ni ba, wata rana wani zai iya duba irin wannan lambar ya yanke kaurin ginshiƙin makaranta da ita.

Tambayata: a tsaunin da ke motsi a hankali irin wannan, da me ake kafa iyakar yanki in kundi bai ce komai ba? Kuma mafi girman girgiza, daga ina ake samo ta?

Tsohon_Malamin_Zazzau:

Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari, ɗana. Gwajin nan da ka yi na yanke kundi a 2022, ka sa shi a cikin rubutunka yadda yake, kada ka ɓoye, domin shi ne mafi amfani a duk abin da ka lissafa.

Kundin da ke hannunka na shekara ɗari da 'yan kai ne, shi ma rabinsa na farko ramuka ne, tunda na'urorin aunawa ba su yawaita a Maroko ba sai can ƙarshen ƙarnin da ya wuce. Tarihin da aka rubuta kafin na'ura kuwa na birane ne. An san girgizar birnin Fas a 1624, an san ɓarnar da ta 1755 ta yi, saboda akwai malamai da fada da ke rubutu a can. Ƙauyen da ke bayan mashigar tsauni ta Tizi n'Test in ya rushe a ƙarni na 15, wa zai rubuta? Wanda ya dogara da wannan kundi shi kaɗai, kamar baƙon da ya kwana uku a gari ne ya koma gida yana cewa mutanen can ba sa mutuwa.

Bari mu yi ɗan lissafi na baki. Afirka da Turai na matsowa juna da kimanin milimita 4 zuwa 5 a shekara, kuma yawancin wannan matsi a arewa yake ƙarewa, wajen tsaunukan Rif da tekun Alboran. Abin da ke isowa manyan tsaunukan Atlas bai wuce kusan milimita ɗaya a shekara ba. Girgiza mai maki 6.8 na bukatar tsagar ƙasa ta zame da kusan mita ɗaya a tsawon kilomita ashirin zuwa talatin. Milimita ɗaya a shekara, sai an shekara dubu kafin a tara mita. Kuma wannan milimitar ba tsaga ɗaya ke cinye ta ba, ana raba ta tsakanin ta gefen arewa, ta gefen kudu da na tsakiya. Saboda haka kowace tsaga ɗaya na iya yin shiru na shekara dubu biyu ko fiye, ba don ta mutu ba. Kai kuma kana leƙa ta ta tagar shekara ɗari.

Don haka iyakar yanki, a wuri irin wannan, ilimin duwatsu ne zai zana maka ita, ɗige-ɗigen kundi su biyo baya. Atlas tsohon rami ne da ya buɗe lokacin da Afirka ke rabuwa da Amurka, shekaru kusan miliyan 200 da suka wuce, daga baya matsi ya juyo ya rufe shi ya ɗaga shi sama har aka sami Tubkal mai mita 4,167. Tsage-tsagen da suka buɗe ramin tun farko suna nan daram, su ne ake sake turawa yanzu. To duk inda wannan gini na ƙarƙashi yake iri ɗaya, yanki ɗaya ne, ko an taɓa jin girgiza a wurin ko ba a taɓa ba. Kada ka zagaye wurin da 2023 ta faɗa ka ce nan ne haɗari yake. Wannan shi ne ciwon taswirori da yawa: bayan kowace girgiza sai a shafa ja a inda ta riga ta wuce, mai zuwa kuma ta faɗo a maƙwabta inda aka bari fari. Dubi Sichuwan ta ƙasar Sin a 2008. Tsaunukan Longmen Shan ma a hankali suke motsi, taswira ta ba su matsakaicin haɗari, sai ga mai maki 7.9.

Batun ƙara rabin maki, ka ajiye shi. Ya fi dacewa da wuraren da kundinsu ya riga ya ga babbar girgiza. Kai ka auna tsawon tsage-tsagen da aka zana a taswirar duwatsu, ka yi amfani da alaƙar Wells da Coppersmith ta 1994 tsakanin tsawon tsaga da ƙarfin girgiza. Tsaga mai kilomita 50 zuwa 60 in ta ɓalle gaba ɗaya ta haura maki 7. Sannan ka ari tarihi daga tsaunukan da suka yi kama da naka. El Asnam ta Aljeriya a 1980 ta kai 7.1, ko da yake ita ta fi kusa da bakin iyakar da Afirka da Turai ke matsar juna, kada ka kwafe ta kai tsaye.

Kuma ba dole ne ka zaɓi zane ɗaya ba. Ka yi bishiyar zaɓi: reshe ɗaya siririn yanki, reshe ɗaya faffaɗa, reshe ɗaya wanda babu iyaka sam, inda ake baza girgizar kundi a hankali kamar yadda Frankel ya yi wa gabashin Amurka a 1995, reshe na huɗu kuma na tsage-tsage da saurin motsinsu daga awon GPS. Ka ba kowanne nauyi, ka rubuta dalilin nauyin a fili. Fensirinka zai ci gaba da yin tasiri, amma mai karatu zai ga inda ya taɓa.

Abu na ƙarshe, kuma shi ɗalibai suka fi tsallakewa. Ko ka yi komai daidai, taswirar shekara 475 za ta iya fitowa da sauƙi a Atlas. Ma'anarta jijjigar da ke da yiwuwar kashi 10 cikin ɗari a wuce ta a shekara 50. Girgizar da ke dawowa duk shekara 2,000 yiwuwarta a shekara 50 kashi biyu da rabi ne kawai, saboda haka da ƙyar take leƙowa a wannan taswira. Ka fitar da ta shekara 2,475 ka ajiye su gefe da gefe. A Rif bambancinsu ba zai firgita ka ba, a Atlas sai ka riƙe baki.

Bakano_a_Gaziantep:

Malam, Allah ya ƙara lafiya, mun ƙaru. Amma ni a bar ni in ɗan yi tsokaci daga gefe, don ina nan Turkiyya lokacin girgizar 6 ga Fabrairun 2023.

A Turkiyya ba wanda zai ce ba a sani ba. Tsagar Gabashin Anatoliya sananniya ce, tana motsi kusan santimita ɗaya a shekara, ninki goma na abin da Malam ya ce game da Atlas. An zana ta, an haƙa ta, sabuwar taswirar ƙasa ta fito a 2018 da jan layi a kanta ɓaro-ɓaro. Dokar gini ma tana nan, mai tsauri. Duk da haka mai maki 7.8 da mai 7.5 suka zo rana ɗaya, mutum fiye da 50,000 suka rasu a Turkiyya kaɗai. Na ga bene biyu a layi ɗaya, ɗaya tsaye ko gilashi bai fashe ba, ɗayan ya zauna kan kansa hawa-hawa. Lambarsu a taswira ɗaya ce.

Saboda haka ɗan'uwa Bagobiri, ka yi aikinka ka karɓi takardarka, amma kada ka hana kanka barci kan ko lambar taswirar 0.12 ce ko 0.18. Maginin ƙauye bai taɓa ganin taswira ba, ba kuma zai gani ba. Kai da kanka ka kawo Agadir. Ƙarfin da ta 2023 ta saki ya ninka na Agadir sau talatin da wani abu, amma Agadir ta kashe mutum 12,000 ko fiye, don ta tashi a ƙarƙashin gari kai tsaye kuma gine-ginen ba su da ƙwari.

Bagobiri_a_Marrakesh:

Malam, na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Lissafin milimita ɗin nan ya warware mini abin da na daɗe ina juyawa. Maganar tarihi da ka yi ta tuna mini masallacin Tinmel, wanda sarakunan daular Muwahhidun suka gina a ƙarni na 12 a cikin kwarin Nfis. Ya lalace a tsawon zamani, an yi masa gyare-gyare, amma ganuwarsa da hasumiyarsa sun kai har 2023 a tsaye, sannan dare ɗaya ya kwantar da yawancinsa. Ina tunanin ko zan iya kafa hujja da shi cewa kwarin ya yi shekara ɗari takwas bai ga jijjiga irin wannan ba. Na san hujja ce mai rauni, amma ta yi daidai da lissafinka.

Sai dai reshen tsage-tsage zai ba ni wahala. Girgizar ba ta tsaga ƙasa har sama ba. Ta karye can ƙasa, kilomita ashirin ko fiye, abin da tauraron ɗan adam na Sentinel-1 ya gani kawai kumburi ne, ƙasa ta ɗaga da santimita 15 zuwa 20 a faffaɗan wuri. Har yau masana na jayayya, wasu na cewa tsagar Tizi n'Test ce mai gangarowa arewa, wasu na cewa wata ce mai kwanciya zuwa kudu. In wadda ta riga ta motsa ma ba a daidaita kan sunanta ba, ina ga waɗanda ke kwance shiru?

Yaya Bakano, maganarka gaskiya ce, amma ban yarda da ƙarshenta ba. Maginin ƙauye bai ga taswira ba, amma wanda ke gina makarantar ƙauyen da asibiti da gadar da ake bi a kai agaji, da ita yake aiki. Dokar gini ta nan, RPS 2000 da aka sabunta a 2011, daga taswira take ɗauko lambarta, kuma kafin girgizar 2023 ta fi ba arewa da Agadir nauyi. Yanzu da ake sake gina gidaje dubbai da tallafin gwamnati, injiniyoyi ne ke sa hannu a zanen, ka ga lambar ta shiga ƙauye ke nan.

Mun je duba gine-gine da 'yan ajinmu a wani ƙauye sama da Amizmiz, akwai abin da na gani da ban san inda zan sa shi a lissafi ba. Gidajen da ke kan ƙoƙuwar tudu sun zube ƙasa warwas. Bangonsu duwatsun rafi ne masu santsi da aka ɗaura da laka, rufin kuma itace ne aka jera aka zuba ƙasa mai kauri fiye da taƙi guda. A wani gidan an ɗora hawa na biyu na bulo da dakalin siminti a kan tsohon bangon ƙasa, dakalin ya sauko lafiyarsa ƙalau ko tsagewa bai yi ba, ya danne abin da ke ƙasa. Amma da muka gangara wajen gonaki, tafiyar minti biyar, sai ga gidaje irin ginin ɗaya, sun tsattsage amma suna tsaye, wata tsohuwa ma na shanya a kan rufin. A taswirata duka biyun suna cikin ɗigo ɗaya, lamba ɗaya.

Yar_Dutsen_Jos:

Ƙanena Bagobiri, abin da ka gani a ƙauyen nan shi ne rabin aikin da taswirarka ba za ta yi ba, gara ka faɗi haka tun a shafin farko. Lambar da OpenQuake ke ba ka ta dutse ce mai ƙarfi a shimfiɗaɗɗen wuri. Ba wanda ke zaune a irin wannan wurin a cikin tsauni. Mutane na zama inda ruwa yake, kan tarin tsakuwar da rafi ya zubar a bakin kwari, kan tsohuwar zaftarewar ƙasa da ta lafa ta zama gona, ko a kan doro don gudun ambaliya da barin fili ga noma.

Doron tudu yana tara jijjiga, an daɗe da sanin haka. A girgizar San Fernando ta 1971 na'urar da ke kan dutsen gefen madatsar Pacoima ta auna jijjigar da ta kai ninki 1.25 na ƙarfin jan ƙasa, abin da ya ba kowa mamaki a lokacin. Dokar gini ta Turai ta ce a ƙara kashi 20 zuwa 40 cikin ɗari ga gini a kan tudun da ya wuce mita 30 kuma gangarensa ya haura digiri 15. A ganina wannan ƙarin kaɗan ne ga wasu dorayen, amma aƙalla ka sami abin riƙewa.

Ka yi hankali kuma da taswirar taurin ƙasa da ake saukewa kyauta a intanet, wadda ke ƙiyasta saurin igiyar girgiza a mita 30 na sama daga gangaren wuri. Dabarar Wald da Allen ce ta 2007, tana da amfani in kana duba nahiya guda. Ƙa'idarta ita ce wuri mai gangare dutse ne, shimfiɗaɗɗe kuma laka. Kowane ɗigonta kusan kilomita ɗaya ne. A kwarin da faɗinsa bai wuce mita 200 ba, za ta ce maka ko'ina dutse ne lafiyayye, ƙauyen kuwa na zaune kan tsakuwa sako-sako. Ka roƙi sashenku na'urar auna ƙananan motsin ƙasa, a ajiye ta rabin awa a kan doro, rabin awa a gangare, rabin awa a bakin rafi. Ko ƙauye uku ka yi wa haka, aikinka ya fi na wanda ya zauna a ɗaki da kwamfuta.

Na yi aiki a Nepal da wata ƙungiyar agaji bayan girgizar 25 ga Afrilun 2015, kuma abin da na koya a can shi ne a tsauni dutsen da ke samanka ya fi ƙasar da ke ƙarƙashinka haɗari. An ƙirga zaftarewa fiye da 20,000 daga wannan girgizar. Ƙauyen Langtang ba jijjiga ce ta rushe shi ba, ƙanƙara da duwatsu ne suka ɓalle daga sama suka binne shi, mutum ɗari uku da wani abu suka tafi. A Kashmir a 2005 zaftarewar Hattian Bala ta binne ƙauye ta kuma toshe rafi ya zama tafki. A Sichuwan sai da sojoji suka haƙa wa tafkin Tangjiashan hanya, aka kwashe mutane fiye da 200,000 daga ƙasansa don tsoron kada ya ɓalle. A wurinku ma ai ka ga yadda duwatsu suka rufe hanyar Tizi n'Test, motocin agaji suka yi cirko-cirko, wasu ƙauyukan sai da jaki da jirgi mai saukar ungulu. Wanda bango ya danne da dare, in hanya ba ta buɗe ba sai bayan kwana biyu, labari ya sha bamban.

Saboda haka in kana da lokaci, ɗora lissafin Newmark a kan taswirarka. Mai sauƙi ne: kowane gangare na da iyakar jijjigar da zai jure kafin ya fara zamewa, sai ka duba inda lambarka ta wuce wannan iyaka, ka sa layin hanyoyi da wuraren ƙauyuka a kai. Amma ka tuna Satumba rani ne a Atlas, ƙasa a bushe take ƙam. Da a ƙarshen hunturu ta zo, lokacin da dusar ƙanƙara ke narkewa ƙasa ta jiƙe, da zaftarewar ta fi haka nesa ba kusa ba. Ka yi lissafin sau biyu, na busasshiya da na jiƙaƙƙiya.

Wani abu kuma da ba ka ambata ba: lissafin raguwar jijjiga da nisa da kake amfani da shi, na ina ne? In na Italiya da Girka da Turkiyya ne, an gina shi kan girgizar da yawancinsu ba su wuce zurfin kilomita 15 ba. Taka ta fi su zurfi, kuma a tsohon dutse mai tauri. Ka sa biyu ko uku a bishiyar da Malam ya ce, har da ɗaya na tsofaffin nahiyoyi masu kwanciyar hankali.

Tsohon_Malamin_Zazzau:

Hajiya ta gama magana. Kan tsagar da ba a gani a sama, ɗana, wannan ne dalilin da ya sa ba a jefar da faffaɗan yanki ko da an san tsage-tsage. Ka bar yanki a ƙarƙashi ya ɗauki girgiza har zuwa maki 7 ko kusa, a ko'ina cikin tsaunin, sannan tsage-tsagen da aka sani su ɗauki abin da ya haura. Ka dai kula kada ka ƙirga motsi ɗaya sau biyu. Ka tara abin da duka rassan ke saki a shekara, ka gwada shi da milimitar nan ta GPS. In lissafinka na cin milimita uku alhali tsaunin ɗaya yake samu, ka yi yawa. In yana cin kashi goma na milimita, kundi ya yaudare ka.

Tinmel kuwa ka sa shi a matsayin alama, kada ka mai da shi lamba.

Mu ma nan gida ba mu tsira daga wannan tunanin ba. Da ƙasa ta motsa a Mpape ta Abuja a Satumban 2018 mutane suka yi ta cewa ai Najeriya ba ƙasar girgiza ba ce. Akara ta sha mai ƙarfi a 1939, arewacin Gini ta sha mai fiye da maki 6 a Disamban 1983, duk a Afirka ta Yamma. In ka gama ka dawo, ka leƙa cibiyar da ke Toro a jihar Bauci, su ke riƙe da 'yan tashoshin aunawar da muke da su. Duk mai shirin babbar madatsa a tsaunin Mambila, kusa da layin duwatsu masu aman wuta na Kamaru, tambayarka ce za ta tare shi, da kundin da bai kai naka ba.

Bagobiri_a_Marrakesh:

Na gode Malam, na gode Yaya. Na duba, lissafin raguwar da na sa na Turai da Gabas ta Tsakiya ne shi kaɗai, zan ƙara biyu. Na'urar aunawa akwai ta a sashenmu, sai dai layi ne, kuma dole wani ma'aikaci ya raka ta, zan je in yi magana da shi ranar Litinin.

Yaya, tambaya ɗaya kafin in tafi: a lissafin Newmark, ƙarfin riƙon ƙasa da kusurwar gugarta, kun auna su ne a Nepal ko daga nau'in dutse kuka ƙiyasta? A wajen da nake aiki akwai jan dutsen yashi da jar laka a gindin gangare, sama kuma tsohon dutse mai fallewa falle-falle, kuma ina zargin a mahaɗarsu ne ƙasa ta fi zamewa.